Godiya bayan kare kundin digirin digirgir

Alhamdu lillahi. Jiya na kare kundina a gaban malamai, kuma sun amince da shi.

Godiyata ta farko ga Malam, wanda ya duba aikin. Shi ya fara zaunar da ni gaban madubin ƙara girma, ya nuna mini fiffiken ƙudan 'ya'yan itace, Durosofila. Kowace ƙwayar halitta a shimfiɗar fiffiken tana fitar da gashi ɗaya tak, kuma duk gashin yana fuskantar bakin fiffike, kamar sahun salla. Wa ya nuna musu gabas? Furotin Frizzled na taruwa a gefen ƙwayar da ke kallon bakin fiffike, wani furotin mai suna Vang kuma a gefen da ke kallon jikin ƙudan, kowace ƙwaya na daidaita kanta da maƙwabciyarta. Ni abin da na bi shi ne sentiriyol, 'yan bututun nan biyu da ke cikin ƙwayar. Idan saƙon Frizzled ya isa, sukan matsa gefen da gashin zai tsiro. Idan ya lalace, sai su tsaya kusa da tsakiya. Malam, ba ka taɓa yarda na rubuta abin da ban auna ba. Allah ya saka da alheri.

Ina gode wa abokan aikina na ɗakin gwaji. Ƙudan nan na buƙatar zafi na digiri 25, kuma fiffiken da nake so sai an ciro shi wajen awa 30 bayan tsutsar ta shiga kwasfa, ko da tsakar dare ne. Ranar da na'urar ɗumama su ta mutu, na rasa aikin watanni. Ku kuka raba mini naku, na sake daga farko.

Umma, kin sha tambayata amfanin ƙuda ga ɗan Adam. Irin wannan saƙon ne ke jera 'yan gashin cikin kunne da muke ji da su, da na hanyar numfashi masu share majina. A jikin ɗan tayi ma, inda sentiriyol ya tsaya na cikin abin da ke raba hagu da dama, har zuciya ta zauna a hagu. Addu'arki ce ta riƙe ni, Allah ya ƙara miki lafiya.

Baba bai ga wannan rana ba. Wanda duk ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.