Tafkin Bunyonyi: inda kwale-kwale ya zama hanya

Daga garin Kabale da ke kudu maso yammacin Uganda mota ta yi ta hawa da mu, har muka ɓullo kan tudu muka hango Tafkin Bunyonyi shimfiɗe a ƙasa da tsibiransa 29. Tuddai sun kewaye shi ta ko'ina, an nome su hawa-hawa tun daga gindi har ƙoli, kuma su ne ke tare iska, shi ya sa da safe ruwan ke kwanciya lumui. Wanda ya san yadda Kogin Neja ke tumbatsa a Yawuri da damina zai yi mamakin ganin yara 'yan makaranta suna tuƙa kansu ba tare da babba ba.

A kwatar Rutinda wani dillali ya tsawwala mini kuɗin jirgi mai inji, yana magana a daƙile, bai ko amsa gaisuwata ba. Wani dattijo daga al'ummar Bakiga ne ya yafito ni, ya karɓi abin da bai kai rabin wancan kuɗi ba a shilin ɗin Uganda, ya ɗauke ni a kwale-kwalensa da aka fafe daga gungumen itacen turare guda. Ya miƙo mini filafili, ya nuna mini cewa idan aka dage tuƙi ta gefe ɗaya, jirgin zai yi ta juyawa ne a wuri guda. Ranar kasuwa ce, jirage na ta wuce mu maƙare da kabeji da dankali da buhunan dawa, mata na tuƙi da goyo a baya.

Tsibirin Akampene ya sosa mini rai ƙwarai. Ɗan ƙaramin wuri ne mai ciyayi, kuma a nan ake yasar da 'yan matan da suka yi ciki ba aure a zamanin da, sai fa idan wani talaka da ba shi da shanun sadaki ya zo ya ɗauke su. Dattijon ya daina tuƙi da muka zo daidai wurin, bai ce uffan ba.

A tsibirin Bwama, inda likita Leonard Sharp ya kafa mazaunin kutare a 1931, makaranta ce yanzu. Mun ci jatan landen tafkin a wani masauki, da tsada amma da daɗi, sannan sanyin yamma ya koro mu gaɓa.