Muzurun da na gada a Landan

A shekarata ta biyu a Landan na gaji muzuru. An kai tsohuwar da muke maƙwabtaka gidan kula da tsofaffi, sai ga 'yarta a ƙofata da shi cikin kwando, kunya ta hana ni cewa a'a. A gidanmu na Zariya kyanwa ita ke ci da kanta: ɓera, kan kifi, ragowar tuwo. Wannan kuwa da katin rigakafinsa ya zo, har da wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa mai ɗauke da lambar shaidarsa a ƙarƙashin fatarsa, wadda doka ta wajabta a Ingila tun Yunin 2024.

Wata asuba na dawo daga aikin dare, na tarar yana ta safa da marwa zuwa kaskon yashin da yake fitsari da kashi a ciki. Ya tsuguna, ya yi nishi, ɗigo biyu ya fito, ja-ja. Na so in bari sai na yi barci, amma da na kira asibitin dabbobi suka ce in kawo shi yanzu-yanzu. Hanyar fitsarin namiji siririya ce, in ta toshe kwana biyu ma ba lalle ya kai ba.

A hoto likitar ta nuna min tsakuwoyi uku a mafitsara, farare tas. Ta ce akwai irin da abinci na musamman ke narkarwa, akwai na sinadarin kalsiyam da sai wuƙa, nasa kuma sun fi kama da na biyun. Sannan ta miƙo takardar kuɗi. A ƙasar da ni mutum nake ganin likita ban ciro ko fam ɗaya ba, kyanwa ba ta da wannan gata. Inshora kuwa ban ma san ana yi musu ba. Kuɗin ya haura hayar ɗakina.

Na fita waje na kira Inna.

"Kyanwa za a yi wa tiyata? Ke 'yar nan, lafiyarki?"

Ta yi dariya har da tari. Can ta nisa ta ce, "To, tunda a hannunki yake. Kin dai san hadisin matar da ta kulle tata."

Aka sa shi barci, aka tsaga mafitsarar, aka kwashe, aka ɗinke. Washegari na ɗauko shi, an aske masa ciki, an ɗaura masa mazurarin roba a wuya don kada ya lashi ɗinkin, yana ta karo da ƙafar kujera. Busasshen abinci an hana shi, sai na gwangwani mai ruwa-ruwa.

Yanzu in Inna ta kira, kafin ta tambayi sanyi sai ta ce, "Ya mai jiki?"