Godiya bayan dawowarmu daga Maroko, da neman gafarar waɗanda na tsayar a Fas

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki. Yau kwana shida da saukarmu Tawa, har yanzu zaure bai rabu da masu barka da zuwa ba. Sai dai na tarar labarina ya riga ni isowa, kuma an ƙara masa gishiri a hanya: wasu sun ji an kwantar da ni asibiti, wata gwaggonmu a Keita ma har kuka ta yi, wai an ce mata an baro ni can. Lafiyata lau, alhamdu lillahi. Ga yadda abin ya faru, ga kuma mutanen da nake bin sawunsu da godiya.

Tafiyar nan adashi ne ya haife ta. Mu tsofaffin ma'aikata da muka yi ritaya, da malaman lakwal, da ma'aikatan lafiya, da irinmu na ma'aikatar kiwo, shekara biyu muna zubi. Godiyata ta farko ga ma'ajinmu. Duk ranar da fansho ya faɗo, kafin ka kai kasuwa ya riga ya tsaya ƙofar gidanka da littafinsa a hammata. Mun yi masa tsiya iri-iri, amma dala ɗaya ba ta ɓata a hannunsa ba. Kuma in faɗi gaskiya, ni ne kan gaba wajen sukar tafiyar taro. Shekara 34 ina bin garke daga Abalak zuwa Cintabaraden, ina ƙirga shanu a shingen allura tun ana fama da ciwon bushiya na shanu, sai a ce yau yaro zai sa ni gaba da tuta yana ƙirga ni? Hajiya ce ta ce in ba ni zuwa, ita za ta. Sai na tashi.

Mu 27 ne. Kilomita wajen 550 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, muka kwana Yamai. Ɗiyata da mijinta suka sauke mutum tara a gidansu, tuwo da miyar kuka har da na guzuri. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku. A filin jirgi na Diori Hamani jagoranmu, yaron da bai wuce sa'ar ɗana na uku ba, ya raba wa kowa wani kati mai igiya, da sunan masauki da lambar wayarsa, wai a rataya a wuya. Na ce masa, yaro, wannan ai shi muke maƙala wa saniya a kunne. Ya yi dariya ya ce, "Baba Alhaji, a yi haƙuri a rataya." Na rataya, amma cikin riga na tura shi don kada a gani.

A Kasablanka Hajiya ta fara ganin teku. Ta daɗe tsaye ba ta ce komai ba, can ta juyo ta ce ashe tabkinmu na Tabalak kududdufi ne. Masallacin Hasan na Biyu kuwa gani ya kori ji: an gama shi a 1993, wani sashensa a kan ruwa yake, hasumiyarsa ta kai mita 200, cikinsa na ɗaukar mutum 25,000, rufin ma buɗewa yake yi. Muka yi azahar a ciki, igiyar ruwa na dukan gini. Rabat wucewa muka yi da hanzari, muka ga kabarin Sarki Muhammadu na Biyar da hasumiyar Hasan da aka fara a ƙarni na 12, mai ginin ya rasu a 1199, aka bar ta ba a gama ba har yau.

Fas ita ce zuciyar tafiyar. Da yawa cikinmu don ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani suka yi zubi, wanda ya rasu a garin a 1815, zawiyarsa na nan cikin tsohon birni. Masu shiga suka shiga, waɗanda ba ƴan ɗariƙa ba suka zauna inuwa suka jira, ba wanda ya ce wa wani kanzil. Na yaba wannan. Muka ga Ƙarawiyyin, masallaci da makarantar da wata baiwar Allah Fatima al-Fihri ta kafa a 859, har yau ana karatu. Tsohon birnin mota ba ta shiga. Lunguna ne kamar hanjin rago, wani in ka buɗe hannu biyu sai ka taɓa bango da bango, alfadari ne ke dakon kaya, in ka ji an ce "balak" sai ka manne da gini.

Daga nan aka kai mu majemar Shuwara, kuma nan shaiɗan ya same ni. A bakin ƙofa ake miƙa wa baƙo reshen na'ana'a ya toshe hanci. Ni na mayar musu da abinsu, wanda ya yi rayuwarsa tsakanin mahauta da ƴan fata wari ba ya korarsa. Daga saman bene kana hango ramuka jere kamar tukwanen marina, farare na farar ƙasa da kashin tantabara inda ake zubar da gashi a tausasa fata, sauran kuma na rini, mutane tsundum har cinya suna tattakawa. Na tuna majemanmu da tokarsu da bagaruwa da karan dafi. Na tuna jar akuyar Maraɗi da ta Sakkwato, wadda ayari ke ƙetare Sahara da fatarta, Turawa su saya su ce fatar Maroko. Minti 15 aka ba mu, rabinsu ya tafi a cinikin jaka. Da ayari ya kama hanyar wurin cin abinci, sai na ce a raina bari in koma in taɓa fatar da hannuna, in tambayi majemi da me yake jima, yanzun nan zan cim musu. Ban gaya wa kowa ba, har Hajiya.

Fatar kam na taɓa. Dawowar ce ta gagara. Kowane lungu kama yake da ɗan uwansa. Ga shi da safe na haɗiye ƙwayar ciwon suga, ban karya da kirki ba don burodi da zuma ba su karɓe ni ba, sannan na wuni ina hawa da gangara. Sai gumi ya keto mini cikin sanyin nan, hannu na rawa, ido na ganin abu biyu-biyu. Na laluba wayata, ashe tana jakar Hajiya. Na zauna dokin ƙofar wani mai sayar da takalma, daga nan abin da na sani kaɗan ne.

Bawan Allahn nan ban san sunansa ba, kuma ba na jin zai taɓa ganin wannan rubutu. Dattijo ne mai jallabiya ruwan ƙasa, da tabarau ɗaure da zare. Shi ya jingina ni da buhun fata, ya ɗura mini shayinsu mai sukari kamar maɗi, wanda kwana huɗu ina gudunsa, ya ɓare dabino yana sa mini a baki yana cewa "kul, ya Hajj", wato ci, Alhaji. Da ya sassauta mini wuyan riga sai ya ga igiya, ya jawo, ga katin saniya. Ya buga lambar da wayarsa. Da na dawo hayyacina na ciro kuɗi, ya dafe ƙirji ya girgiza kai. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, Allah ya san shi.

Ashe tun a ƙofar gidan abincin jagora ya ƙirga ya samu 26. Ya sake, 26. Ya zaunar da kowa wuri ɗaya, ya hana maza bazuwa nemana, don kada ɓataccen ɗaya ya zama biyar, shi da ɗan garin da ke mana ja-gaba suka koma ta inda muka biyo. Ni da na yi aikin garke na san wannan ita ce dabara. Ɗana, na raina tutarka da ƙirgarka, ka yafe mini. Allah ya ɗaukaka ka.

Tare da su majonmu, wato malamar asibiti, ta zo, wadda ta yi shekaru tana riƙe da gidan likita a ƙauyukan Adar, ta haura sittin amma ta riga samari isowa. Ta soke mini yatsa ta auna, ta sa na ci abinci a gabanta, sannan ta yi mini wankin babban bargo: "Yaya, kai da ka yi wa dabba allura shekara talatin, ba ka san ba a shan ƙwayar nan da yunwa ba?" Daga ranar har muka sauka Yamai, kullum da safe sai ta ga ƙwanona kafin ta ga nata. Ba a kai ni asibiti ba, gwaggo ta kwantar da hankalinta.

Hajiya ba ta yi mini magana ba sai bayan isha'i. Abin da ta ce kuma tsakaninmu ne.

Saboda ni aka fasa tsayawa Maknas da yammacin nan, kuma na san akwai malamin tarihi a cikinmu da ya daɗe yana zancen ƙofar Bab Mansur. Bai nuna mini a fuska ba ko sau ɗaya, shi ya fi ci mini rai. Malam, da ku duka, ku gafarce ni.

Marrakesh ba ta kama ni ba sosai. Hasumiyar Kutubiyya ta burge ni, amma dandalin Jami'ul Fana gardawa ne da macizai, ka ɗaga waya su ce biya. Ga masu shirya tafiyar, na gode ƙwarai, sai dai gyara biyu: awa biyu a kantin darduma ya yi yawa ga mai fansho da ke lissafin dirhami ɗaya dala sha biyu, kuma tsofaffi na bukatar a tsaya musu akai-akai a doguwar hanya, ba sai sun roƙa ba.

Na gode wa maƙwabcina da ya kula da tumakina kwana 11, na tarar har tunkiya ta haihu. Na gode wa liman da jama'ar masallacin unguwa da suka yi ta addu'a da labari ya zo musu a karkace, da ƙanena da ya toshe bakin masu kiran gwaggo. Wanda ban ambata ba, mantuwa ce ta tsufa, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.

Sanarwa ga ƴan tafiya: akwai baƙar butar alwala da carbi mai ƴaƴa ruwan zuma da suka shigo cikin kayanmu, mai su ya aiko. Wanda kuma ya ranta mini dirhami 200 a Marrakesh, kuɗinsa na wurin ma'aji tun shekaranjiya, jika 12 cif.