Talla a Masaukin Alhazai

Shagona ƙarami ne, a wani lungu da ke fita titin Ibrahim Khalil a unguwar Misfala, nan Makka. Kayan tsaraba nake sayarwa: dabino, darduma, carbi, jallabiya. Kusan duk cinikin shekara a makonni kaɗan yake, bayan an sauko daga Arfa alhazai sun huta sun fara tunanin gida. Irin shagona sun fi a ƙirga a layin nan, don haka wanda ya zauna jiran mai saye zai daɗe yana kallon ƙafafun mutane. Dole ka bi alhazai masaukinsu, kuma masauki ba naka ba ne.

Bayan La'asar nake zuwa, lokacin da suke zaune a ƙasan bene suna hira. In yi sallama, in nemi jami'in da ke kula da su ko dattijon wurin, mu gaisa sosai, in tambayi mutanen Kano ne ko na Zindar. Sai in samu gefe in zauna in yi shiru. Ba a minti goma wani zai kawo abin da ke damunsa.

Yawanci maganar Ajwa ce. Kowa an yi masa sautu, kowa yana tsoron a cuce shi. Nakan ciro ƙwaya biyu daga aljihu in ɗora a tafin hannuna. "Alhaji, duba nan. Ajwa ta Madina baƙa ce, gajera, kusan a dunƙule, da ɗan zane siriri a fatarta. Wannan doguwar Safawi ce, ita ma ta Madina, tana da daɗi amma kuɗinsu ba ɗaya ba. In an miƙo maka doguwa an ce Ajwa, ka ce albarka." Sukkari kuma ta Ƙasim ce, mai laushi, ba ta son zafi, kar a danne ta a ƙasan jaka. Daga nan sai maganar kilo: alhazan Najeriya a shekarun baya 32 aka saba ba su a babbar jaka, 8 a ta hannu, kuma kar a ɓoye Zamzam cikin kaya, za a ciro shi a Jidda. Duk wannan ban ambaci shago ba. Sai wani ya ce, "Malam, kai ina ake samunka?" sannan nake fito da katin shago, guda ɗaya, in miƙa wa wanda ya tambaya.

Wuri biyu ne ba na buɗe baki: inda ake ta'aziyya, don kowace shekara akan rasa wani a masauki, da kuma gaban shagon wani.

Na biyun nan a jikina na koya. Shekaran bara ɗan ƙanwata ya fara zama da ni, yaro mai zafin nama. Ya ga wata Hajiya tana ciniki da maƙwabcina, sun kusa sallamawa, sai ya leƙa ya ce, "Hajiya, ki zo wurin Kawuna, da ragin riyal biyar." Ta kuwa biyo shi. Yana murna ya kawo min ciniki, ni kuwa gabana ya faɗi. Mutumin nan shi ke tsare min shago in na tafi salla, shi ke ara min sikeli in nawa ya ƙi. Na mayar da Hajiyar da kaina na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, amma sai da aka yi sati uku gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu ba.

Bana yaron ne ke zuwa masaukan da ke wajen Kudai, ni ƙafa ta fara ciwo. Kafin ya fita nakan ƙirga masa kati biyar, in zuba masa dabino a leda. Jiya ya dawo da kati uku da leda wayam, ya ce wani tsoho daga Gusau ya cinye samfurin tas yana ba shi labarin hajjin da ya yi da ƙuruciya. Yau da safe tsohon ya zo da mutum shida.