Tarihin Rayuwata, Kashi Na 17: Gwanin Baba

A makon jiya mun tsaya a inda kamfanin kula da tsofaffi ya tura ni gidan wani dattijo baƙar fata a gabashin Kansas City, bayan na bar wankin motoci. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, matarsa ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yan kuma kowa na wata jihar. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana. Aikina wanka ne da magani da abinci, sai taya shi zama. Zaman nan shi ne mai wuyar, don daga watan Afrilu talabijin ɗinsa ba ya barin tashar besbol, wasan ƙwallo da sanda na Amurkawa, ni kuwa wasan ko kaɗan bai shiga kaina ba. Mutane tsaye cirko-cirko a fili, awa uku, babu mai gudun kirki.

Wata rana ya lura ina hamma, ya ce, "Ɗana, mai sandar kake kallo, shi ya sa. Mai jifa za ka kalla."

Da hannunsa mai lafiya ya zana mini filin a bayan ambulan. Mai jifa yana kan ɗan tudu, tsakaninsa da mai sanda ƙafa 60 da inci 6, wato mita 18 da 'yan kai. A gaban mai sanda akwai wani farin faifai a ƙasa, faɗinsa inci 17 kacal, kuma ta samansa ake so ƙwallon ta bi, tsakanin gwiwar mutum da ƙirjinsa. Mai sanda ya kuskure sau uku ya fita, mutum uku suka fita sai ɓangarorin su yi musanya, a haka har turmi tara. Gaba ɗaya wasan ashe zargi ne tsakanin mutum biyu: wannan na tunanin me za a jefo masa, wancan na tunanin me ake zaton zai jefa. Daga nan Baba ya nuna wani hoto da ke saman talabijin, dogon mutum siriri ya ɗaga ƙafar hagu har tana neman rufe masa fuska, ya ce duk waɗannan yaran da nake gani, a gaban wancan almajirai ne.

Satchel Paige ke nan. An haife shi a Mobile ta jihar Alabama a 1906, ko da yake shi kansa ya daɗe yana wasa da hankalin 'yan jarida kan shekarunsa, abin da bai ba ni mamaki ba ni da ranar haihuwata a fasfo wani malamin firamare ne ya yanka mini ita. Yana wajen shekara 12 aka kai shi gidan horon yara na Mount Meigs saboda ɗauke-ɗauke a kanti, a can ya koyi jifa. Ya fara wasan kuɗi a 1926, a zamanin da manyan ƙungiyoyin Amurka ba sa ɗaukar baƙar fata komai gwanintarsa. Baƙaƙe na da gasarsu daban, wadda Rube Foster ya kafa a 1920 a nan Kansas City. A ƙungiyoyin baƙaƙen nan Paige ya cinye ƙuruciyarsa: Birmingham Black Barons, sannan Pittsburgh Crawfords inda Josh Gibson ke cafke masa ƙwallo, in sanyi ya shigo kuma ya tsallaka Kuba ko Kalifoniya. A 1937 ya tafi Jamhuriyar Dominika ya buga wa ƙungiyar mai mulkin kama-karya Trujillo, kuma shi da bakinsa ya riƙa ba da labarin sojoji da bindigogi a bakin fili.

Abin da Baba ya fi maimaitawa saitin hannunsa ne. Masu ƙarfin jifa suna da yawa, amma Paige yakan ajiye takardar cingam a ƙasa a madadin faifan, ya yi ta biyo da ƙwallo ta samanta. A wasannin yawon gari-gari yakan kira 'yan wasansa na bayan fili su dawo su zauna, alamar babu wanda zai taɓa ƙwallon balle ta kai can, ya kuma cika alkawari. Yana da wata jifar da yakan ɗan dakata a tsakiya bayan ƙafarsa ta sauka, mai sanda ya riga ya saki jiki ya kai duka, sannan ƙwallon ta iso. Na tambayi Baba ko duk labaran nan gaskiya ne. Ya ce mahaifinsa ya gani da idonsa a filin Monarchs, ƙungiyar baƙaƙe ta nan Kansas City, kuma mahaifinsa mai zuwa coci ne. Ban ƙara ba.

Ba waliyyi ba ne, wannan ni na faɗa, ba Baba ba. Yakan sa hannu a kwantaragi ya tsallake in wani ya ƙara kuɗi, yakan makara, wani lokaci ma a neme shi a rasa. Amma mutumin da sunansa kaɗai ke cika fili, aka kuma rufe masa ƙofar da kuɗin gaske suke, ban ga bakin da zai ce masa ya yi biyayya ba. A 1938 a Meziko hannun ya mutu, har an ɗauka ya gama. Mai ƙungiyar Kansas City Monarchs, J. L. Wilkinson, ya sa shi a ƙaramar tawagarsu mai yawo don sunansa ya jawo 'yan kallo, sai ga hannun ya dawo. A 1942 Monarchs suka lallasa Homestead Grays a wasan ƙarshe na gasar baƙaƙe, Paige na gaba.

Da ƙofar ta buɗe a 1947, Jackie Robinson aka ɗauka, matashin da ya buga wa Monarchs a 1945. Abin ya yi wa Paige ciwo, bai kuma ɓoye ba. Sai ranar 7 ga Yuli 1948, ranar da ya cika 42, Bill Veeck na Cleveland Indians ya ɗauke shi, wasu 'yan jarida na cewa neman suna ne kawai. Ya ci wasa 6 ya faɗi 1 a sauran kakar. A daren 20 ga Agusta mutum 78,382 suka cika filin Cleveland, ya hana Chicago White Sox ko maki ɗaya. Jifar dakatawar nan kuwa shugaban gasar ya haramta ta. Cleveland ta ɗauki kofi a shekarar, shi ne kuma baƙar fata na farko da ya yi jifa a wasan ƙarshe na ƙasa. Nan ne labarin ya kama ni sosai. Na haura arba'in a lokacin da nake jin labarin, takardun koyarwata na gida suna ƙasan akwati babu mai tambayarsu, ina koyon canza zanen gado a wurin yarinyar da ba ta kai ɗiyata ba.

Baba ya ga Paige yana jifa sau ɗaya tak, ranar 25 ga Satumba 1965. Mai Kansas City Athletics, Charlie Finley, ya ɗauko shi yana da shekara 59 don ya jawo mutane filin da ya zama kango. Aka ajiye masa kujerar lilo irin ta tsofaffi a gefen fili, wata mai kayan nas na shafa masa mai a hannu. Na ce, "Baba, ai wannan wulaƙanci ne." Ya ce in bari ya ƙarasa. Tsohon ya tashi ya hau tudu ya yi turmi uku da Boston Red Sox, ba su samu maki ba, mutum ɗaya ne ma ya samu dukan kirki, Carl Yastrzemski. Baba ya ce Paige ya san abin da ake yi da shi sarai, ya karɓi kuɗinsa, ya bar masu dariya da bakinsu a buɗe. Har yau ina kan ra'ayina game da kujerar, shi ma bai sauka daga nasa ba. Ko a 1971 da aka tashi sa shi a zauren gwanaye na Cooperstown, sai da aka fara shirin ware wa 'yan gasar baƙaƙe wani sashe daban, mutane suka yi ca, sannan aka janye.

Paige ya rasu a 1982, kabarinsa na maƙabartar Forest Hill, kudu da gidan Baba. Wata Asabar bayan na ba shi magani ya ce yana so in kai shi can kafin sanyi ya shigo, mu biya ta gidan tarihin gasar baƙaƙe da ke mahaɗar titin 18 da Vine. Tsohuwar motarsa na gareji, makulli na rataye a kicin, ni kuwa ba ni da lasin tuƙin Amurka, kuma dokar kamfani ta hana mu fita da mai jinya ba da izinin iyalinsa ba. Babbar 'yarsa na kira da daren nan, yadda muka kwashe da ita kuwa sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.