Jirgin faiba a Lagdo: abin da na saya, abin da na bari, da inda nake koyon hanya

Jama'a sallama. Masu bina sun san na daɗe ina zancen jirgin ruwa har an fara yi min tsiya, toh Allah ya nufa, na ba da kafin alƙalami. Ƙaramin jirgin faiba ne, tsawonsa bai cika mita shida ba, yana da ɗan ɗaki a gaba inda mutum biyu za su miƙe ƙafa ko a tura yara in rana ta ƙwalle. Daga Duwala za a ɗoro shi a mota har Garwa, daga nan sai tafkin Lagdo a arewacin Kamaru. Mai sayarwa ya turo min jerin kayan ƙari ta WhatsApp, shafi guda cur, kowanne da farashinsa a sefa, kuma yadda aka rubuta su duk wanda ka karanta sai ka ji kamar in babu shi nutsewa za ka yi.

Da na zauna da takardar sai na gane ba don mu aka rubuta ta ba. Don masu fita teku ne a Duwala da Limbe da Kiribi, inda akwai taswirar ruwa da aka auna zurfinta, akwai alamomi ja da kore suna yawo a kan ruwa suna nuna hanya, ruwa na cika yana janyewa sau biyu a rana. Lagdo kuwa tafki ne da aka tare a kan Binuwai, Sinawa suka fara ginin madatsar a 1977 aka gama a 1982, ruwan ya haɗiye daji da gonaki da duwatsu, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 500. Ƙarƙashinsa kututture ne da dutse da yashin da kogi ke kawowa duk damina, kuma inda ka wuce lafiya lau a Oktoba ruwa na cike, ka dawo a Mayu sai ka tarar shanu ke kiwo a wurin. Babu taswirar da za ka saya ta faɗa maka wannan. Don haka duk abin da ke cikin jerin nan tambaya ɗaya na yi masa, zai taimaka min in san ƙasan ruwan nan, ko zai dawo da ni gida in abu ya lalace? In babu ko ɗaya, na ja masa layi.

Inji ne ya fi cin lokaci. Ya so ya ɗaura min mai doki 60, irin na zamani da ba a gauraya masa baƙin mai da fetur, shiru, ba hayaƙi, ga tsimin mai, kuma gaskiya ya burge ni. Amma na je bakin ruwa na duba abin da ke bayan manyan kwale-kwalen da ke jigilar mutane da kifi, kusan duk Yamaha Enduro ne, 15 ko 25 ko 40. Wannan yana nufin bakaniken da ke zaune ƙarƙashin rumfa a can ya san cikinsa da ido rufe, buji (wato fulogi) da farfela da robar famfon ruwa duk ana samu, in babu a Garwa a samo daga Yola. Na ɗauki 40 ɗin. Yana shan mai ba wasa, in ka buɗe masa wuta gaba ɗaya kusan lita 20 a awa, kuma ga ƙara, amma na fi son injin da za a gyara min a wuni ɗaya da wanda zan jira kaya daga Duwala wata guda. Abu biyu ku lura in za ku saya. Na farko tsawon ƙafar injin, akwai gajere na inci 15 da dogo na inci 20, dole ya yi daidai da tsayin bayan jirginka, in ba haka ba farfela za ta riƙa shan iska ko ta nutse da yawa tana jan laka. Na biyu akwai ƙaramin allo da ake maƙalawa a jikin jirgi mai nuna iyakar dokin da zai ɗauka da yawan mutane, kar wani ya zuga ka ka wuce shi.

Sai matatar mai mai raba ruwa da fetur, wadda ko a jerin ma can ƙasa take da ƙananan rubutu. Mu da ke shan zuwa-zuwa, wato man jarka da ake sayarwa a bakin titi, mun san abin da ke cikin wasu jarkokin. Matatar tana da ɗan kofi na roba mai haske a ƙasa, in ka duba da safe za ka ga ruwan ya kwanta a gindi, fetur na bisa, da layi tsakaninsu raɗau, ka murɗa ɗan famfon ka zubar. Kuɗinta bai kai na cika tanki biyu ba wataƙila, amma ita ke hana inji mutuwa a tsakiyar tafki.

Inda na saki kuɗi ba tare da na ji ciwo ba shi ne na'urar auna zurfi. Akwai ɗan ƙaramin abu da ake ɗaurawa a bayan jirgi ƙarƙashin ruwa, yana aika sauti ƙasa yana dawowa, allon kuma yana nuna maka mita nawa ne, ƙasan laka ce ko dutse, har kifi yana nunawa. Mai sayarwa ya so in ɗauki babba mai taswirar teku a ciki, na ce taswirar ina? Na ɗauki Garmin Striker Plus ƙarami, ba shi da taswira ko ɗaya amma yana da GPS, kana danna maɓalli ya ajiye wurin da kake, kuma yana da wani tsari Quickdraw da ke zana layukan zurfi da kansa duk inda ka bi. Wato kai ne za ka yi taswirarka. Sai dai a riƙe abu biyu. Na'urar tana ganin abin da ke ƙarƙashinka ne, ba ta ganin gabanka, lokacin da kututture ya bayyana a allo farfela ta riga ta gaisa da shi, don haka a sabon wuri tafiyar hawainiya za ka yi da yaro a gaba riƙe da gora yana tokara ƙasa. Sannan zurfin da ka auna na ranar ne kawai, dole ka rubuta wata da rana, tunda ruwan kansa hawa da sauka yake.

Radar, firji, masai na cikin ɗaki, injin janyo anka mai lantarki, manyan lasifikoki, duk na soke. Rediyon VHF na ɗan tsaya a kansa don a teku tasha ta 16 ita ce ta kiran gaggawa a duk duniya, amma rediyo sai da mai sauraro, kuma masunta da waya suke aiki. Na gwammace waya biyu da layi daban-daban cikin jakar da ruwa ba ya shiga, duk da akwai lungunan da rezo, wato sabis ɗin waya, ke ɓacewa ɗif, shi ya sa kafin a tashi sai an faɗa wa wani a tudu inda za a da lokacin dawowa.

Rigar ceto kuwa ba ciniki, kowa da tasa, yara da tasu mai madauri ta tsakanin ƙafa, kuma a jiki ba a ƙarƙashin kujera ba. Mun sha jin kifewar kwale-kwale a Binuwai da Lagwan da Shari, labarin kusan iri ɗaya ne, lodi ya yi yawa, iska ta taso, ba riga. Sai jar igiyar nan da matuƙi ke ɗaurawa a ƙafa ko hannu, in ya faɗa ruwa ta fizge inji ya mutu, samari na raina ta, amma jirgin da ba matuƙi zagaye yake yi ya dawo kan wanda ya faɗa. Anka na ɗauki mai faratan da ke kama laka da yashi, da ɗan sarƙa, da igiya doguwa, don ƙa'ida ita ce ka saki igiya kamar ninki biyar zuwa bakwai na zurfin wurin, ruwa mita 5 igiya mita 25 ko fiye. Famfon kwashe ruwa na lantarki da bokiti, don batir na iya cin amana. Farfela ta biyu da sifana, filafili biyu, wuƙa, abin kashe gobara, sola ɗaya a kan rufin ɗaki. Wuƙar ba don ado ba, zaren kalli in ya naɗe a bayan farfela yana cin robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga, ka buɗe ka ga man ya koma fari kamar kindirmo. Kuma ɗakin nan, kar a kunna gawayi ko janareta a ciki a rufe ƙofa, hayaƙin da ke kisa ba shi da wari.

Toh sai maganar koyo, wadda ita ce ta fi damuna tun farko, don sayen kaya kowa mai kuɗi zai iya.

Ga mai jin Faransanci, Code Vagnon shi ne littafin da masu neman farmi, wato lasisin tuƙin jirgi, a Faransa ke karantawa, akwai na bakin teku akwai na koguna da tafkuna, na biyun ya fi kusa da mu. Cours des Glénans babba ne sosai kuma yawancinsa kan jirgin ruwa mai tafiya da iska ne, sai dai ka tsinci abin da ya shafe ka. Mai Turanci akwai Bowditch, tun 1802 ake buga shi a Amurka, kyauta ne a intanet, amma wallahi ya yi nauyi ga ɗan koyo. Abin da na ce kowa ya haddace shi ne dokokin kauce wa karo na 1972 da duniya ke bi. Fitila ja a hagu, kore a dama, fara a baya. In kun yi gaba da gaba kowa ya karkata damansa. In hanyoyinku za su gicciya, wanda yake ganin ɗan uwansa ta damansa shi zai ba da hanya. Mai wucewa shi ke kaucewa. Amma fa ka sani kai kaɗai ka karanta, mai kwale-kwalen da ke fitowa da daddare ba fitila sai tocila a baki bai san da su ba, don haka kar ka tsaya kan gaskiyarka, rage wuta kawai.

Lissafin ba wuya. Mil ɗin ruwa mita 1852 ne, gudun not 10, wato mil ɗin ruwa 10 a awa, kilomita 18 da rabi ke nan a awa. Mai kuma a kasa shi uku, kashi ɗaya zuwa, ɗaya dawowa, ɗaya ajiya. Wurin da mutane ke ruɗewa shi ne lambobin GPS, wani ya turo maka 9°30', wato digiri 9 da minti 30, kai kuma ka shigar 9.30 a waya, ai ba ɗaya ba ne, 9°30' shi ne 9.5, tazarar ta kai kilomita 22. Ku daidaita tsarin rubutu tun a gida. A waya na sa OsmAnd don yana aiki ba intanet, da Windy don iska, sai hotunan Google Earth da nake dubawa na shekaru daban-daban in ga inda tsibirai ke fitowa da rani. Kamfas ɗan ƙarami ma na ce a ɗaura, nesa da lasifika da ƙarfe, saboda hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu yana iya shafe duwatsun gaɓa gaba ɗaya ka rasa gabas da yamma.

Duk wannan rabin karatu ne. Sauran rabin yana wurin wani dattijo masunci da sarkin ruwan unguwarsu ya haɗa ni da shi, tun tafkin yana sabo yake kamun giwan ruwa da karfasa a ciki. Ina biyansa kuɗin wuni da mai, muna fita da kwale-kwalensa ni kuma ina riƙe da waya da littafi ina ajiye wurare. Yadda yake gane hanya ya ba ni mamaki, sai ya ce, Alhaji dubi ƙoƙuwar dutsen can, bari sai ta hau kan kukar nan sannan ka miƙe, in ta zame hagu kana kan kututture. Na ce Baba ai wannan yana cikin littafin Turawa, jera alama biyu a layi ɗaya, ya yi dariya ya ce su ma wurin masunta suka ji. Shi ya nuna min gorunan roba da guntayen silifas da ke yawo a jere, ashe bakin kalli ne, ka bi ta tsakaninsu ka yanke wa mutum abincinsa ka kuma jawo wa kanka rigima. Ya nuna min lungunan dorina, ya ce in ka ga kunnuwa biyu kar ka matsa ɗaukar hoto, kar kuma ka shiga tsakaninta da ruwa mai zurfi, balle mai ɗa. Hadarin farkon damina kuma, Afrilu zuwa Yuni, daga gabas yake tasowa, in ka ga gabas ta haɗe ka ji iska mai sanyi ta bugo to ka riga ka makara, tun yana ja-ja da ƙura ake neman bayan tsibiri.

Abin da ya rage yanzu takardu ne, rajistar jirgi da farmi a ofishin ma'aikatar sufuri, in kuma za a yi kamun kifi na sayarwa wannan na ma'aikatar kiwo da kamun kifi ne. Jirgin in sha Allah zai iso kafin ruwa ya fara hawa, kuma haka nake so, in fara auna tafkin lokacin da yake ƙasa duk kututturen na waje, in ajiye su ɗaya bayan ɗaya kafin Agusta ya rufe su. Wanda yake da jirgi a tafkin Maga ko a kogin Shari wajen Kusiri da Njamena, dan Allah ya faɗa min wace irin anka ce ta fi kama masa, don Baba har yanzu dutse da igiya yake ce min in ɗaura.