Albasa ce mai wuƙa da nama

Asabar da dare, Garwa.

Sai yanzu aka kawo wuta, ƙarfe goma saura. Wayata na jone a bango, ni kuma ina kan tabarma a tsakar gida saboda ɗaki ba ya shiguwa. Zafin Maris a garin nan ba sai an ba kowa labari ba. Bari in rubuta abin kunyar da na tafka yau da hannuna, kafin Kawu ya gama zagaye kasuwa da shi ya ƙara masa gishiri.

Tun bayan asuba muke lodin albasa, buhu 140, na wata mata ce 'yar Kumba, can yankin masu Ingilishi, da ta fara sayayya a wurinmu bana. Tafiyar ba ƙarama ba ce: mota za ta hau dutsen nan na hanyar Gaundare, ta bi ta Bartuwa da Yawunde da Duwala kafin ta isa. Kawu bai iya boko ba, don haka duk saƙon da ya shigo ni ke karantawa, ni ke amsawa. Shi ya sa 'yan rumfa ke ce mini akawu, ni ma har na fara yarda.

Wajen ƙarfe takwas saƙonta ya shigo ta WhatsApp: "Who is in charge there?"

To ni Faransanci na yi tun daga firamare har na bar makaranta. Ingilishi darasi ne da muke shiga muna hamma, duk da cewa ƙasarmu Kamaru harsunan hukuma biyu gare ta. A Faransancin da na sani, "charge" kaya ne, "charger" kuma lodi. Ga mota a gabana, ga 'yan dako suna ta jifa da buhuna, ƙaiƙayin albasa ya cika ido. Me za ta tambaya in ba abin da aka loda ba? Ko tsayawa ban yi ba, na rubuta mata: "Onion is in charge. 140 bags." Har da ɗan jin kai, ganin na haɗa jimla ba tare da na duba komai ba.

Minti biyu sai ga saƙon murya. Na kunna a gaban Kawu da direba da yaron mota. Babu magana a ciki, dariya ce zalla, irin wadda mutum ke yi har ya ƙware. Daga baya ta kira, ta haɗa Fijin, wato Turancin buroka, da guntun Faransancinta ta ce ita shugaban wurin take nema, wanda za ta yi maganar kuɗi da shi. Wato na gaya mata albasa ce mai wuƙa da nama a rumfarmu.

Kawu ya ce, "Me ta ce ne, ɗana?" Da na yi shiru da ya fi mini, amma direba ya riga ya gane, ya fassara masa tsaf. Kawu ya cire hula ya fifita da ita, ya ce, "To madalla. Shekara talatin ina wahala, ashe albasa ce maigidana."

Abin da ya fi ƙona mini rai, da na natsu sai na tuna Faransancin ma yana da wannan ma'anar. Kullum muna jin "chargé de" kaza a rediyo, jami'in da aka ɗora wa wani aiki. Gaggawa ce ta ja mini, ba rashin sani ba. Haka dai nake lallashin kaina.

Kalmar ba ta ƙyale ni ba. Da muka shiga ciniki sai ta tambayi nawa muke "charge" na mota. Wannan karon na yi hattara, na gane kuɗin haya take nufi. Ta nemi a ɗora mata buhu biyu "free of charge" saboda wanda zai ruɓe a hanya. Na ce wa Kawu kyauta take so. Ya ce, "Gyara ke nan. Ce mata ɗaya." Da ta turo kafin alƙalami ta waya, na je cirewa na tarar kuɗin bai cika ba, ta ce "charges" ɗin a kanmu suke. A nan ne Kawu ya daina dariya. Ya ce tun yana yaro wanda ya aiko kuɗi shi ke biyan ɗan aike. Mun ɓata kusan rabin awa kan jaka biyu da ɗari biyar, a ƙarshe aka raba biyu.

Da azahar wayar ta mutu. Na kai ta wurin yaron nan ɗan Mubi mai allon sola a bakin titi, sefa ɗari yake karɓa. Mu nan "sharje" muke cewa, shi kuwa "caji". Kalma ɗaya ce, tamu ta biyo ta bakin Faransawa, tasa ta bakin Ingilishi, suka haɗu a teburin da ke cike da igiyoyi.

Muna shan shayi Kawu ya kawo nasa labarin, don shi ya yi zaman Yola yana saurayi kuma har yanzu yana leƙawa. Ya ce a can ofishin 'yan sanda "caji ofis" ake kiransa, inda ake rubuta laifin da ake tuhumar mutum da shi. Wai akwai wani yaron mota ɗan garinmu da rigima ta haɗa shi da wani a tasha, aka ce masa, "Mu je caji ofis." Sai ya zaro waya ya duba ya ce, "Na gode, tawa cike take." Ban rantse a kan labaran Kawu ba, amma direba sai da shayi ya fito masa ta hanci.

Bayan magariba na leƙa gidan Ticha, maƙwabcinmu ɗan Bamenda da ke koyar da Ingilishi a wata sakandare. Na iske shi a waje da fitilar hannu yana duba takardun yara. Na ba shi labari. Bai yi dariya sosai ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "Ai ba ka yi nisa da gaskiya ba. Ka dai makara da shekara ɗari takwas ne."

Ya ce kalmar asalinta ba ta Ingilishi ba ce. A 1066 Wiliyam, sarkin yankin Normandi na Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon lokaci, kalmomi suka yi ta kwarara cikin Ingilishi. Wannan tana cikinsu, kuma da ta shiga ma'anarta kaya ce, irin wanda ake ɗora wa dabba ko amalanke. Tushenta "carrus", sunan amalanke a Latin, wanda su ma Rumawa suka aro daga mutanen Gol, mazauna Faransa na da. Daga wannan tushen aka sami "car" da "cargo" da "carry". Ya juya bayan takardar wani yaro ya zana amalanke mai ƙafa biyu, ya ce in riƙa ɗora masa ma'anonin ɗaya bayan ɗaya in gani.

Na gwada. Shugabanci nauyi ne da aka ɗora wa mutum, mu ma haka muke faɗa. Kuɗin da aka yanka maka kaya ne a wuyanka. Tuhuma kuwa ai ɗora laifi ne, Hausa ma ba ta da wata hanyar faɗa da ta fi wannan. Batir fa? Ya ce wajen 1750 Benjamin Franklin na Amurka, da yake gwaje-gwajen lantarki a Filadalfiya, yana maganar ɗura wa kwalabe wuta da wannan kalmar, kamar yadda ake ɗura wa bindiga albarushi. Kishiyarta "discharge" ita ce sauke kaya, ita ce kuma sallamar mara lafiya daga asibiti. Wannan ta burge ni. Na tuna ranar da aka sallamo Inna bara, lallai kaya muka sauke.

Ɗaya ce ta ƙi hawa amalanken nawa. Ya ce idan mahaya suka sako dawakai a guje kan abokan gaba, shi ma "charge" ne, kamar yadda dawakan Lamiɗo ke yi ranar sallah, su taho da ƙura su ja linzami daf da jama'a. Na ce wannan kam ban ga kaya a ciki ba, sai dai wanda doki ya taka. Ya ce in bar ta a ƙasa, ba kowace ke hawa ba.

Na ce gaskiya Turawa sun cika rowar kalma, a ce abu ɗaya ya yi aiki goma. Ya ce ai wannan ƙarama ce, babban ƙamus na Oxford ya lissafa wa "run" ma'ana 645 a aikatau kaɗai. Sannan ya ajiye biro ya dube ni. Shi Fillanci ya fi ji, kamar yawancin baƙin garin nan, amma yana tsintar Hausa a unguwa. Ya ce watansa na farko ya ji an ce wani ya ci kasuwa, wata ta ci jarrabawa, wuta ta ci rumfa, wane ya ci bashi, an ci wane tara, wance ta ci amana, ƙungiyarmu ta ci ƙwallo biyu. Ya ce har tsoro ya kama shi, ya ɗauka ya faɗo cikin mutanen da ba sa barin komai.

Na buɗe baki in ce masa namu ai a fili yake, kowa ya san bambancin cin tuwo da cin mutunci. Sai na rufe. Ya ce, "Ci gaba mana," yana murmushi, don ya san abin da ya faɗa.

Direba ya kira ɗazu, sun haye dutsen lafiya, za su kwana a Gaundare. Matar Kumba ma ta sake rubutowa, ta ce in gaida mata albasa, ta ji daɗin aiki da shugaba mai sauƙin kai. Ban nuna wa Kawu ba. Gobe Lahadi kasuwar garin Fitowa, da sassafe za mu fita, kuma tun da la'asar na ji yaran rumfa sun fara kirana Akawun Albasa.